Barewa Mai Waiwaye

Kafin Ari ya gama sauke tulun gas daga bayan a-kori-kura, manja ya riga ya jiƙe masa takalmi. Tirelar tana kwance a kan haƙarƙarinta a kwanar da ke gaban Nangere, tayoyinta suna kallon rana. Jarkokin da ta ɗauko daga Kudu sun fashe sun malale kwalta ja wur, har ba ka iya gane inda mai ya tsaya da inda jini ya fara. Fasinjojin da suka hau saman kaya an jera su a gindin bishiyar maina, wasu suna nishi, biyu an lulluɓe su da zane.

"Mai walda ya iso, ku ba shi hanya," in ji wani.

Duk motar da ta faɗi tsakanin Nangere da Damagum, Ari ake kira daga garejinsa na Potiskum ya yanke ƙarfe a ciro mutum. Yau direba ne ya maƙale. Kan motar ya lotse ya danne masa cinyoyi, sai hannunsa guda da ke leƙowa ta taga yana motsi.

"Ku zuba ƙasa a kan man nan," Ari ya ce wa mutanen da suka taru. "In tartsatsi ya taɓa shi, dukanmu mun soyu."

Ya ja robar gas ya zagaya ta bayan motar don ya sami wurin tsayawa. A nan ƙafarsa ta ƙi gaba. A jikin ƙofar baya, wadda ta kwanta a kaikaice, an zana zaki da masallaci kamar yadda ake yi wa kowace tirela. Amma a kusurwar ƙasa akwai wata 'yar barewa tana gudu, ta karkato wuya tana waiwaye. Ƙafarta ta baya guda ɗaya babu.

Ari ya san hannun nan kamar yadda ya san nasa. Ya kuma san cewa mai hannun yana kwance a maƙabarta sama da shekara goma, don da kafaɗarsa ya ɗauki makarar. Ya kai yatsa ya shafa. Ƙofar sabuwa ce, waldarta ko tsatsa ba ta fara ba, fentin yana sheƙi.

A aji uku na firamare aka kawo musu Kaumi, dogo siriri kamar karan dawa, iyayensa 'yan Borno, Hausarsa a karkace, yana ce wa malama "kai" ana dariya. Aka zaunar da shi benci ɗaya da Ari. Tun daga ranar guntun alli ya daina kwana a ajin. Bayan ƙofa, ƙasan benci, bangon bayan gida, ko'ina sai ka tarar da rakumi ko jirgi ko fuskar wani da ka sani.

Wata rana ya zana Malam Tanko, malamin wasanni, a kan allo, da tumbinsa da usur ɗinsa da tsinken sakace a baki. Ajin yana cikin dariya sai ga mai hoton a bakin ƙofa. Kaumi ya bi ta taga, Malam Tanko ya bi shi da bulala. Suka yi ta zagaye filin makaranta, yaron yana tafe kamar ba ya taka ƙasa, malamin yana haki yana tsinuwa, har ya gaji ya dafa gwiwa.

"Zo nan, ɗan banza, na fasa dukan," in ji Malam Tanko. "Gobe da sassafe ka same ni a filin nan."

Haka makarantarsu ta sami ɗan tsere. Ba ya sa takalmi, ya ce nauyi yake yi masa. Ƙaramin yatsan ƙafarsa ta hagu ma babu, fartanya ta cire shi a gonar makaranta a gaban idon Ari, amma hakan bai rage masa komai ba. Aibinsa ɗaya ne: yana tsaka da gudu sai ya waiwaya.

"Kaumi, wa ka bari a baya? Kakarka?" Malam Tanko yakan daka masa tsawa.

"Ari nake dubawa, Malam. Kar ya faɗi ba wanda ya gani."

Ari gajere ne mai kauri, kullum shi ne na ƙarshe, don kawai kar a raba su yake shiga tseren. A gasar da za a zaɓi wanda zai wakilci yankinsu, Kaumi yana gaba, saura kaɗan ya taɓa igiya, ya waiwaya, wani ɗan Damagum ya wuce shi. Malam Tanko ya jefar da usur ya zauna a ƙasa. Shi kuwa Kaumi dariya ya yi. Da yamma ya samo ragowar fenti ya zana barewa mai waiwaye a bayan singiletinsa ruwan ɗorawa, ya ce tunda halinsa ne gara kowa ya sani. Har ya girma bai daina ba. Duk singiletin da ta mutu sai ya sayi irinta ya sake zanen, yana fita da sassafe ya kai Danchuwa ya dawo. Daga nesa mutanen gari ke cewa ga Kaumi can, ba tare da sun ga fuskarsa ba.

"Oga, mutum yana mutuwa kana kallon hoto?" wani daga cikin mutanen da suka taru ya daka masa tsawa.

Ari ya dawo hayyacinsa. Ya kunna wuta, ya hau gefen kan motar, ya fara yanka. Direban matashi ne, fuskarsa ta yi fari, leɓɓansa sun bushe.

"Yaya sunanka?"

"Yunus."

"Yunus, kar ka rufe ido. Yi mini magana. Wa ya yi maka zanen baya?"

"Haba oga. Ƙafata ba na jin ta, kai kana tambayar fenti."

"Ba za ka mutu ba sai ka gaya mini. Wa ya yi?"

Ƙarfe ya yi ja, ya fara tsagewa. Yunus ya ja numfashi da ƙyar.

"Wani gurgu ne a tashar manyan motoci, can Kudu inda muke sauke shanu. Mai Barewa ake ce masa. Kafin azumin nan ya yi mini."

"Bahaushe ne?"

"Babarbare ne, ɗan garinku. In ya ji motar Potiskum ce, ita yake fara yi ko da akwai layi. Yana aiki yana tambayarka gari, wai makarantar da ke kusa da tsohuwar rijiya tana nan? Wai an yi wa hanyar Danchuwa kwalta?"

"Me ya sami ƙafarsa?"

"Ya ce shekaru ya yi a hannun mutanen daji, a can ya baro ta. Da ya kuɓuta ya kamo hanyar gida, sai ya ji an riga an yi masa sallah, matarsa ta yi aure har ta haihu. Ya juya." Yunus ya yi wani guntun murmushi. "Mun ɗauka tatsuniya ce. 'Yan tasha kowa da tasa."

Wutar ta zame daga hannun Ari ta ci gefen kujera, wani ya watsa ƙasa da sauri. Ya gyara riƙo ya ci gaba. Da ƙarfen ya rabu, mutane suka ɗaga da sanduna aka zaro Yunus, aka sa shi a motar asibiti tare da sauran.

Janwe, motar jan motoci, ta ja gawar tirelar zuwa garejin Ari, shi yana biye a baya, barewar tana gabansa tana kallonsa duk tsawon hanya.

Matar da Yunus ya ambata tana gidan Ari a wannan lokacin, tana dafa masa abincin rana. Gumsu ce, 'yar ajinsu da ke zama a bencin gaba. Kaumi ta aura, Ari ne babban abokin ango, shi ya yi ta kai da kawowa har aka ɗaura. Lokacin Kaumi ya zama mai zanen tirela, babu direban da ke jin motarsa ta cika sai ya taɓa ta. Suna da jaririya, Khalida, shekarun tashin hankali suka shigo gari.

Ranar kasuwa ce. Kaumi ya tafi kara, kasuwar shanu, zai ƙarasa zane a jikin wata mota da ake loda wa shanu, masu bindiga suka shigo. Aka yi harbi, aka sa wuta, aka kwashe waɗanda aka kwashe. Da ƙura ta lafa, aka tarar da gawa kusa da motar, gwangwanayen fenti a warwatse gefenta. Wuta ta cinye fuska da ƙirji, amma bayan da ya kwanta a ƙasa bai ƙone ba. Da aka juya shi sai ga singileti ruwan ɗorawa da barewa. Duk wanda ke wurin ya yi salati ya kira suna ɗaya.

An sa dokar hana fita, ana so a rufe kowa kafin la'asar, ga gawarwaki a jere. Liman ya ce wanda wuta ta ci ba a cuɗa shi, a kwarara ruwa a naɗe. Dattawa suka ce kada a tsaya tona jikin mamaci, a suturta shi. Aka naɗe, aka sallata, aka ɗauka kusan da gudu. Garin da ya saba gane Kaumi daga nesa, a ranar ma daga nesa ya gane shi. Babu wanda ya buɗe ƙafar hagu.

Gumsu ta yi takaba ta fita. Ari yana kai musu hatsi, yana kai Khalida asibiti in zazzaɓi ya kama ta. Bayan shekara biyu mahaifiyar Kaumi da kanta ta kira shi ta ce yarinyar nan tana bukatar uba, kuma ba ta ga wanda ya fi shi ba. Tsohuwar ta rasu tana sa masa albarka. Yanzu ga 'ya'ya uku da suka haifa, Zulkifli ne babbansu, ga Khalida ta zama budurwa, ba ta taɓa kiran wani Baba ba sai shi.

In Kaumi yana raye, Gumsu matar wa ce? Ari bai san abin da malamai za su ce ba, ba ya kuma son ya sani. Ya dai san a garin nan magana irin wannan ba ta kwana, za ta bi majalisa, ta bi masallaci, ta ƙare a gaban alƙali, a ce wa matarsa ta koma gidansu sai an gama bincike.

Janwe tana sauke motar wayarsa ta yi ƙara. Wani daga ƙungiyar direbobi ne. Yunus bai kai asibiti ba.

Ari ya yi salati, ya yi masa addu'a. Sai ya ji wani abu ya sassauta a ƙirjinsa, kamar an kwance igiya, ya tsani kansa saboda haka. Amma bai fasa lissafin da zuciyarsa ta fara ba. Wanda ya san labarin ya tafi. Saura ƙofa.

Ma'aikatansa sun fita sallar azahar. Ya jawo tulun gas zuwa bayan motar, ya tsuguna. A kusa ya ga abin da bai gani ba a kan hanya. Can bayan barewar, inda idonta yake kallo, akwai wani ɗan gajeren yaro mai kauri, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, yana gudu ya buɗe baki yana haki. Har gajeren wandon makarantarsu aka yi masa, da facin da ke gindi.

Ya daɗe a tsugune. Ya tuna ranar da ya faɗi da gaske a tsakiyar tsere, ƙaya ta shige masa tafin ƙafa, Kaumi ya bar gudun ya dawo ya goya shi har layin ƙarshe, 'yan makaranta suna yi musu ihu wai ga jaki da kaya. Ya tuna yadda yake cije harshe in yana jan layi da buroshi, da warin kananzir da ba ya barin hannunsa, da yadda yake cin tsire ya bar masa kitsen don ya san shi yake so.

"Ka yafe mini, Kaumi," ya ce a hankali. "Kai ka juya da kanka. Ka bar ni haka."

Ya kunna wuta. Fentin ya kumbura, ya yi ƙuraje, ya yi baƙi. Yaron ya fara tafiya, sannan ƙafafu uku, sannan wuya. Ido ne ya ƙi ƙonewa da wuri, sai da ya tsayar da wutar a kansa har ƙarfen ya yi ja. Ya sa buroshin ƙarfe ya goge wurin tas, ya shafa baƙin mai. Duk wanda ya gani zai ce gogar kwalta ce.

Bayan la'asar ya shiga gida. Gumsu tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, tire na shinkafa a gabanta, amma hannunta ba ya tsinta. Ƙananan yaran sun tafi islamiyya. Khalida ce ta taso da gudu, dogayen ƙafafun nan nata da ba na gidan Ari ba.

"Baba, sannu da zuwa. Ka zama ɗan fim yau, kowa yana tura hotonka."

Ta miƙa masa waya. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗauki bidiyon haɗarin. Ga manja, ga mutane, ga shi kansa Ari a tsaye bayan tirela yana shafa ƙofa. Mai ɗaukar ya matso da hoton don a ga abin da mai walda yake kallo. Barewar ta cika fuskar wayar.

"Na nuna wa Mama sai ta ƙwace wayar ta yi ta maimaitawa," in ji Khalida. "Irin wadda ke cikin hoton marigayi mahaifina ce, ko? Wani ne ya kwaikwaya?"

"Je ki kai wa maƙwabta turminsu," Gumsu ta ce.

"Ai na kai tun ɗazu."

"To je ki karɓo."

Yarinyar ta dubi uwar, ta dubi Ari, ta ja mayafi ta fita. Gumsu ba ta ɗago kai ba.

"Baban Zulkifli, motar tana garejinka?"

"Tana can."

"Ina so in gani."

"Babu abin gani. Kwalta ta goge wurin lokacin da ake ja."

Sai a lokacin ta dube shi. Ta dubi hannayensa, inda ɓurɓushin fenti ruwan ƙasa ya maƙale a ƙarƙashin farce.

"Masu zane suna kwaikwayon juna, Gumsu. Yaransa nawa suka watsu a ƙasar nan?"

"Yaransa ba sa iya kunnen. Shekara uku ina wanke singiletin nan, na san yadda yake karya kunnen hagu." Muryarta ba ta tashi ba. "Ka yi magana da direban?"

"Direban ya rasu."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ari ya zauna a kan turmin da ke kife. Ya so ya ce mata ta tuna yara, ta tuna ciwon da ta yi bara wa ya kwana a kanta, ta tuna cewa shi bai saci kowa ba, an ba shi ne a gaban shaidu. Abin da ya gani a fuskarta ya fi fushi muni. Tsoro ne irin nasa, da wani abu a ƙarƙashinsa wanda bai taɓa gani ba tun da ta shigo gidan.

"Ranar da aka binne shi," ta ce, "kai ka ga fuskarsa?"

"Babu fuska."

"Ƙafar fa?"

Tana buɗe baki za ta sake magana aka yi sallama a zaure, muryar da ba su sani ba, mai karin Fulatanci. Ari ya miƙe kamar wanda aka ceto, ya fita.

Wani dattijo ne dogo, hannunsa ɗaya a naɗe da bandeji an rataya a wuya, rigarsa duk manja. Ari ya tuna ya hango shi da safe a gindin maina yana riƙe da kai.

"Kai ne Ari mai walda?"

"Ni ne, Baffa. Sannu da jiki. In maganar kaya ce, sai gobe a gareji."

"Ba ni da kaya. Sunana Dabo, rakiyar shanu nake yi zuwa Kudu." Ya jingina da bango ya huta. "Ƙanena ya ɓata a karar garin nan shekarar da aka sa wuta. Dako ya zo yi. Babu inda ban je ba. Wanda ya gan shi na ƙarshe ya ce rigarsa ta yage wajen kama bijimi, wani mai fenti ya tuɓe tasa ya ba shi, mai hoton barewa a baya. Tun daga lokacin ina duba bayan mutane, ina duba bayan motoci. Watan jiya na ga barewar a tasha, na bi ta har na sami mai yin ta."

Ari ya ji motsi a bayansa. Labulen zauren ya ɗan ɗaga, ga yatsun Gumsu a gefensa.

"Baffa, mu je waje mu yi magana."

"A'a, nan ma ya isa, ƙafata ba ta da sauran tafiya. Ya ce in zo Potiskum in nemi Ari, tun suna yara ba ya yi masa ƙarya. Ya ce kai ka ɗauki makarar, kai za ka nuna mini kabarin da aka rubuta sunansa, a nan ƙanena yake." Dattijon ya gyara hannunsa mai ciwo. "Uwarmu tana da rai, tana so a faɗa a masallaci kowa ya ji ɗanta ne a ciki, a yi masa addu'a da sunansa. Da wa zan fara, limamin unguwa ko mai unguwa?"

Daga bakin titi Khalida ta shigo da turmi a ka, ta tsaya a ƙofar zauren tana jiran a ba ta hanya.